Yadda Tsoho Ke Koyon Hanya a Baƙon Wuri: Amsa Ga Mai Shirya Mahaifiyarsa Zuwa Hajji

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata shekararta 69, kuma Allah ya nufe ta da samun kujerar Hajji. Iyakar tafiyarta daga ƙauyenmu zuwa birni ganin jikoki, ko a birnin ma ba ta fita sai da ɗan rakiya. Lafiyarta ƙalau, hankalinta garau, amma ina tsoron kada ta ɓace a Makka ko Mina. Shin mai irin shekarunta zai iya koyon sabuwar hanya? Ta yaya za mu shirya ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya, ya karɓi ibada. Inna za ta iya koyon hanya, babu tantama. Sai dai a cikin tambayarka akwai abin da ya fi shekarun nata damuna, wato ɗan rakiyar nan. Wanda ake jan sa a hanya ba ya koyon hanya, yaro ne ko tsoho. Idonsa na kan ƙeyar na gaba, hankalinsa na kan hira. Mutum zai bi titi sau ashirin a kujerar baya ta mota, ran da aka ce ya tuƙa da kansa sai ya tsaya yana zare ido a mararraba. Saboda haka duk shirin da za ku yi ya tsaya a kan abu guda: ita za ta riƙa shiga gaba, ku kuna biye.

Bari mu fara da abin da tsufa ke taɓawa da abin da ba ya taɓawa, don shi zai nuna maka inda za ku sa ƙarfi.

Ƙwaƙwalwa na riƙe hanya ta fuska biyu. Ta farko ita ce jerin kwana: ka fito, ka miƙe, in ka kai wajen mai shayi ka sha kwanar dama, in ka ga famfo ka yi hagu. Ta biyu kuma hoton wurin ne gaba ɗaya a cikin kai, yadda mutum zai tsaya a kasuwa ya nuna saitin gidansa da yatsa ko da bai taɓa bin wannan lungun ba, kuma in an toshe hanya ya yanke ta wata. Wannan ta biyun aikin wani sashe ne da ke can cikin ƙwaƙwalwa, saitin kunnuwa, wanda masana ke kira hifokamfas, tare da ɓangaren da ke maƙwabtaka da shi. A 1971 John O'Keefe ya gano a Landan cewa a hifokamfas na ɓera akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai ɓeran ya isa wani takamaiman wuri. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser suka gano a Nowe wasu ƙwayoyin da ke auna tazara kamar layukan awon fili. Su ukun aka bai wa kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aiki.

Wannan sashe na cikin waɗanda shekaru ke fara ci. Shi ya sa dattijo yake jingina da jerin kwana, hoton wuri kuma yana yi masa wuyar ginuwa. Abin da hakan ke haifarwa a zahiri abu uku ne, kuma duk wanda ya taɓa yi wa alhazai jagora ya san su. Komawa ta fi zuwa wuya, domin dama ta koma hagu, alamar da aka gani ta gaba yanzu bayanta ake gani. In an rufe hanyar da aka saba, canja wata yana rikita lissafi duka. Sannan in an zo mararraba ɗaya amma daga wani ɓangare dabam, sai ta zama kamar ba a taɓa ganinta ba. Gane alama kuwa, wato a ga gini a ce "na san wannan", yana daɗewa bai lalace ba. Abin da ke kuɓucewa shi ne haɗa alamar da kwanar da za a sha a wajenta, da kuma wace alama ce ke gaban wace.

Kada ka ɗauka wannan sashe ba ya ƙaruwa. Binciken Eleanor Maguire na shekarar 2000 a kan direbobin tasi na Landan, waɗanda ke shafe shekara uku zuwa huɗu suna haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi, ya nuna ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. A Amurka kuma, wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan dattawa 120 ya nuna cewa waɗanda suka yi shekara guda suna tafiyar ƙafa ta minti 40 sau uku a mako, sashen ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari maimakon ya ragu. To ka ga tattaki riba biyu ne ga maniyyaci, ga ƙarfin ƙafa ga na kai.

Kafin a kai ga horo, a duba ido. Sau da yawa abin da ake cewa mantuwar tsufa yanar ido ce kawai. Hasken da ke isa cikin idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba, kuma in ya fito daga haske ya shiga duhu yana daɗewa kafin idon ya washe. A Makka farin dutse ne shimfiɗe ko'ina, rana na dukansa yana kashe ido. A kai Inna asibitin ido wata uku ko fiye kafin tafiya, don in aiki za a yi ya warke, in tabarau ne ta saba da shi. A yi mata guda biyu, ɗaya da igiya a wuya, ɗaya a jaka. A duba kunne ma, domin ban da ji, cikin kunne ne ke gaya wa mutum cewa ya juya da kuma iyakar juyin da ya yi. Akwai kuma maganar ƙafa: tsohon da ke tsoron faɗuwa ƙasa yake kallo, wanda ke kallon ƙasa kuwa ba ya ganin alama. Takalmi mai kama ƙafa wanda ba ya santsi, da sanda in da bukata, suna ɗaga kan mutum sama.

Sai tambaya ɗaya da ya kamata ku amsa tsakaninku da Allah. Ta taɓa rikicewa a wurin da ta sani? A ce ta fito daga gidan suna a unguwarsu ta rasa hanyar gida, ko ta riƙa maimaita tambaya ɗaya cikin ɗan lokaci, ko lissafin kuɗin cefane da ta saba ya fara gagararta. Ɓata a baƙon wuri ba ciwo ba ne, kowa na yi. Ɓata a sanannen wuri kuwa yana cikin alamun farko na ciwon mantuwa, kuma wannan sai an ga likita kafin a yi maganar jirgi. Tunda ka ce hankalinta garau, mu ci gaba.

Horon ya fara a gida, mako shida zuwa takwas kafin tashi. A nemi wurin da ba ta sani ba kuma mai cunkoso da layuka masu kama da juna. Babbar kasuwa ta fi dacewa, irin Kantin Kwari ga wanda ke kusa da Kano, ko harabar babban asibiti. A zaɓi hanyar da ba ta wuce mita 300 zuwa 500 ba, wadda ake shan kwana sau uku a cikinta. Kada a wuce huɗu, domin abin da mutum ke iya riƙewa a kai a lokaci guda bai cika wuce abu huɗu ba, doguwar hanya kuma gunduwa-gunduwa ake koyonta.

A zagayen farko ku tafi kafaɗa da kafaɗa, a hankali, ba hira. Wannan na da muhimmanci fiye da yadda ake zato, don tsoho in yana tafiya yana magana, hankalin da ya rage bayan kula da taku hirar ce ke cinye shi. A kowace kwana ku tsaya cak. Ita za ta zaɓi alamar, ba kai ba, domin abin da ya ja idonka ba lallai ya ja nata ba, kuma abin da mutum ya zaɓa da kansa ya fi zama. Aikinka shi ne tace zaɓin. Mota a ajiye ba alama ba ce, mai talla ba alama ba ne, shagon da ke rufewa da dare ya koma ƙofar ƙarfe irin ta kowa shi ma bai yi ba. Ana son abu kafaffe, wanda babu irinsa a kusa, wanda ake gani dare da rana. Mafi kyau kuma shi ne alamar da ke cikin hanyar da za a shiga. "Ki nufi koren ginin can" ya fi sauƙin riƙewa a kan "in kin ga koren gini ki yi hagu", saboda na farko ido kawai yake bukata, na biyu kuwa sai an tuna dama ce ko hagu. Ta faɗi alamar da baki, da irin kalmominta.

Sannan abin da mutane suka fi mantawa: bayan an sha kwana an yi taku biyar ko shida, ta juyo gaba ɗaya ta kalli inda aka fito, ta ce "in zan dawo, ga abin da zan gani, kuma nan zan bi." Hanyar dawowa hanya ce ta dabam, da alamominta na dabam, haka za a ɗauke ta.

A zagaye na biyu ita ce a gaba, kai kana bayanta da taku ɗaya. In ka ga za ta kauce, tare ta tun kafin ta sa ƙafa, ka tambaye ta "Inna, me muka ce a nan?" Kada ka bar ta ta yi nisa a kuskure da sunan ta gane da kanta. Ga matashi wannan dabara na aiki, amma ga tsoho kuskuren ma zama yake yi, gobe ƙafarta ta sake ɗaukarta can saboda wurin ya yi mata kama da sananne. In ta yi zuwa da dawowa sau biyu a jere ba gyara, a huta. A sake bayan minti goma, a sake bayan awa guda, sai washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Maimaici mai tazara ya fi a yi sau goma a yini ɗaya, kuma barcin da ke tsakani yana cikin aikin, don a barci ƙwaƙwalwa ke kafe abin da aka koya. Daga mako na uku a fara kawo cikas da gangan. A bi hanyar da magariba. A ce mata wannan layin an rufe, ya za a yi. A shigo mararrabar daga wani gefe a tambaye ta ko ta gane wurin. Hanyar Kwari ba za ta amfane ta a Makka ba, amma ɗabi'ar tsayawa, zaɓen alama da waiwaye ita ce guzurin.

A yi duk wannan da ladabi. Uwa ba ta son ɗanta ya mai da ita ɗalibar da ake yi wa jarrabawa, kuma da zarar kunya ko fushi ya shiga, koyo ya fita. Jika ya fi ɗa dacewa da wannan aiki, tunda akwai wasa tsakani.

Akwai wani tarko da ya shafi Bahaushe musamman. A wurinmu gabas da alƙibla abu ɗaya ne, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas in zai yi salla, kuma dattawanmu da gabas da yamma da kudu da arewa suke kwatance. Wannan baiwa ce a gida, amma a can tana juyewa. A Madina alƙibla kudu take. A Mina kuwa, da yake tana gabas da Harami, wajen yamma ake kallo. A cikin Makka kowace unguwa da tata fuskar, tunda kowa Ka'aba yake kewaye. Tsohuwar da ta ɗauki inda liman ya fuskanta a matsayin gabas, duk taswirar kanta ta karkace tun ranar farko. A gaya mata wannan tun a gida, a maimaita. Rana ma ba ta cika taimako ba in Hajji ya faɗo a bazara, domin wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli rana kan tsaya daidai saman Ka'aba da azahar, kuma a makonnin da ke kusa da haka inuwar tsakar rana ba ta nuna komai.

Sai lambobi. Alluna da yawa na ɗauke da lambar Larabci da ta boko, amma ba duka ba, kuma na Larabcin suna yaudarar wanda ya saba da na boko. Biyar ɗinsu, ٥, kamar sifirinmu take. Sifirinsu ɗigo ne, ٠. Shida, ٦, ta yi kama da bakwai ɗinmu. Bakwai da takwas, ٧ da ٨, abu ɗaya ne an kifa. Ba sai ta koyi lissafi da su ba. Lambobi huɗu ko biyar ne suka dame ta: na ɗaki, na bene, na ƙofar Harami, na motar masauki, na tantin Mina. A rubuta su manya-manya da baƙin alƙalami a kati, ta fuska biyun, ta riƙa gwada siffar da abin da ke jikin allo. In tana karanta ajami, a rubuta mata sunan masauki da na unguwa da ajami ma.

Ranar da aka sauka ba ranar koyo ba ce. Ga gajiyar jirgi, ga rashin barci, ga zumuɗi. A fara da cikin masauki, don nan ɓatan farko ke faruwa: benaye iri ɗaya, ƙofofi iri ɗaya, lif ya buɗe ba ka san ko hawa na nawa ba ne. A ɗaura ƙyallen atamfar da ta sani a hannun ƙofar ɗakin, ta danna lambar lif da hannunta, ta faɗi ko dama ake yi ko hagu in an fito. A karɓi katin masaukin guda uku a wajen masu karɓar baƙi, ɗaya a jakar wuya, ɗaya a ɗinke ko a maƙale cikin hijabi, ɗaya a bayan waya. A tsaya a tsallaken titi ta kalli fuskar ginin da rana, ta sake kallonta da dare in fitilu sun kama, don gini ɗaya kan zama biyu.

Alhazan Nijeriya da yawa a Misfala da kewayenta ake sauke su, kudu da Harami, kuma titin Ibrahim Khalil ne babbar hanyarsu. Zuwa masallaci ba wuya, ga dogon benen agogo nan mai tsayin mita 601, daga ko'ina ana hango shi, ga kuma jama'a duk can suka nufa. Dawowa ce matsala. Agogon ya koma bayanka, jama'a sun watsu ta kowace fuska, kuma fuskokin agogon huɗu kusan kamarsu ɗaya, don haka ganin sa bai gaya maka ko ta wane gefensa kake ba. A nan waiwayen da aka koya a kasuwa ke biya. Wanda masaukinsa ke da nisa har sai an hau mota, ya riƙe sunan tashar da lambar motar, don tashoshin da ke kewaye da Harami ba ɗaya ba ne.

A cikin Harami a riƙe ƙofa ɗaya da sunanta da lambarta. Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce lamba 1, ta Sarki Fahad 79, ta Sarki Abdullah 100. Da zarar an shiga an hango Ka'aba, bayan addu'a, ta lura da gefen da ta fara gani: gefen ƙofar Ka'aba ne, ko gefen Hijir Isma'il mai katangar nan mai lanƙwasa, ko wani. Dalili shi ne ɗawafi zagaye bakwai ne cikin turereniya, kuma babu kan da zai riƙe inda ya shigo bayan wannan juyi, ko na saurayi. In an gama, sai a koma gefen da aka fara gani, a ba Ka'aba baya, a nemi allon ƙofar. Sa'ayi ma da nasa tarkon. Ana farawa a Safa a ƙare a Marwa, tsakaninsu kuma kusan mita 400 ne. Wanda ya fita ta ƙofar Marwa saboda ita ce kusa, ya faɗa wani ɓangaren gari da bai taɓa gani ba. Gara a daure a dawo ta ciki, ko kuma a koyi hanyar daga Marwa musamman tun kafin ranar. Takalmi a jaka yake tafiya tare da mai shi, don neman inda aka ajiye takalmi ya raba mutane da yawa da ayarinsu. Kuma a sani cewa in masallaci ya cika jami'ai kan rufe ƙofa su karkatar da mutane, shi ya sa ake bukatar mahaɗa a waje, wuri guda kafaffe mai lamba, wanda kowa a rukunin ya taka da ƙafarsa ya gani. "Mu haɗu a gindin agogo" ba mahaɗa ba ce, gindin agogo unguwa guda ne.

Madina ta fi sauƙi. Manyan lemomin harabar duk iri ɗaya ne, ba a kafa alama da su. Koriyar ƙubba da maƙabartar Baƙi'a, wadda ke gabas da masallacin, su ne madogara, sai lambar ƙofar harabar da ke kallon titin masauki. Mata da maza ƙofofinsu dabam, don haka lambar da ɗan rakiya namiji ya riƙe ba ita ce tata ba.

Mina kuwa, gaskiya, ba wurin da za a ce tsoho ya koyi hanya ba ne. Tun bayan gobarar 1997 aka kafa tantuna marasa cin wuta, farare, masu kama da juna, dubbai a jere, kuma kwanakin da za a yi ba su isa a saba ba. Hanyar zuwa jifa dabam, ta dawowa dabam, don an tsara gadar Jamarat mai hawa-hawa yadda jama'a ba za su yi karo ba, ga kuma tazarar kilomitoci ga waɗanda tantinsu ke nesa. A nan abin da za ta koya kaɗan ne: daga shimfiɗarta zuwa banɗaki da dawowa, da ƙofar sansanin, da lambar da ke jikinta. A ƙirga layukan tanti tsakanin nata da banɗakin, a ɗaura ƙyalle mai launi a bakin layin da bakin tantin. Tutar ƙasa ba ta isa ba, sansanonin 'yan Nijeriya da yawa ne. Jifa kuma tare da ayari, a lokacin da aka tsara musu, kuma malamai sun yi bayanin halaccin wakilta wani ga mai rauni, sai a tambayi malamin ayari tun da wuri. Muzdalifa ta fi ko'ina haɗarin rabuwa: fili ne, dare ne, mutane kwance ko'ina cikin fararen kaya, banɗakuna kamarsu ɗaya, motoci na matsawa daga inda aka bar su. Ƙa'ida a nan ita ce ba a tashi shi kaɗai ko da taku ashirin ne. A haɗa ta da mace ɗaya takamaimiya wadda ta fi ta ƙuruciya, kowace ta san ita ke da alhakin ɗayar. In aka ce "duk za mu kula da ita", ba wanda zai kula.

Game da waya, tana da amfani amma a san matsayinta. Bin muryar taswirar waya tana cewa yi dama, yi hagu, daidai yake da bin ɗan rakiya, ana isa amma ba a koyo. Amfaninta na gaske shi ne ku ku same ta. A koya mata abu biyu kawai, ɗaga kira da kiran lamba ɗaya da aka sa a gaban allo. Wanda ke tare da ita ya kunna mata aika wuri kai tsaye na WhatsApp kafin a fita, ya zaɓi na awa 8, shi ne mafi tsawo. A sa hoton ƙofar masauki ya zama hoton fuskar wayar. Amma a Mina da Arfa layi kan cushe, zafi kuma na cinye batir, saboda haka takarda ce madogara. Katin Nusuk da hukumomin Saudiyya ke bai wa kowane alhaji, da abin hannu, da katin hukumar alhazai, kada su bar jikinta ko da za ta shiga wanka ne a Mina. Yunifom ɗin jiharsu ma shaida ce, daga nesa ɗan jiha zai gane ta.

Abu na ƙarshe da za a yi ta bita har ya zama jiki shi ne abin da za ta yi in ta duba ba ta ga kowa ba. Mai ɓata yakan ƙara sauri, yana cewa kwanar gaba ce, kuma tsoro na toshe ainihin sashen da ke riƙe hanya. Cikin minti goma sai ya yi nisan da masu nemansa ba za su zata ba. Don haka ta tsaya. Ta matsa gefe daga tsakiyar jama'a, ta sami inuwa kusa da allo ko ginshiƙi mai lamba, ta sha ruwa, ta kira ta karanta lambar da ke jikin ginshiƙin ko ta miƙa wa na kusa ya karanta. In ba waya, ta nuna katinta ga mai kaki, ɗan sanda ko 'yan sikawut ɗin da aikinsu ke nan a Mina da Arfa, raka ɓatattun alhazai zuwa tantinsu. Hausawa mazauna Makka suna da yawa, za ta ji Hausa a titi, tambaya ba laifi, amma kada ta shiga motar wanda ba jami'i ba kuma kada ta ba kowa jakarta. Ku kuma masu nema, mutum ɗaya ya zauna a mahaɗa, ɗaya ya koma inda aka gan ta ƙarshe, a sanar da jami'in alhazai nan take ba sai an gaji da yawo ba.

A kula da wani abu da kan yi kama da ɓata alhali ciwo ne. Tsohon da jiya yake gane hanya, yau kuma ya rikice, yana magana ba kan gado ko yana yawan gyangyaɗi, a fara zargin ƙishirwa, zafin rana, faɗuwar sukari ga mai shan maganin sukari, ko zazzaɓi da ciwon fitsari. Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri, wasu kuma da gangan suke rage shan ruwa don gudun layin banɗaki. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu. Magungunan mura masu sa barci irin su Piriton, da na barci irin su Valium, su ma suna rikita tsofaffi, kada a ba ta ba da sanin likita ba. Irin wannan rikicewa ta farat ɗaya ba a jira ta wuce, asibitin ayari ko na Saudiyya mafi kusa za a nufa, lambar motar asibiti kuma 997 ce.